Korau da Jar Jarka

To, ku matso ku ji. A Kwanar Maje akwai wani bawan Allah da ake kira Korau. Gidansu na can ƙarshen gari, inda hanya ke ƙarewa gona ta fara. Ɗaki uku ne a gidan, amma mutum ɗaya ke kwana a cikinsa. Uban ya rasu tun Korau na goye, uwar ta bi bayansa, sai yayarsa Hansai ta raine shi.

Korau ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ce ni na faɗa. Abin da ke gare shi, duk abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Hansai kaɗai ta san makamarsa. Ita ba ta aikensa sai ta sa wa aiken ƙarshe: "Je ka rijiya, in tulu ya cika ka dawo." Da ta yi aure aka kai ta Tungar Kalgo, can arewa inda mota ba ta zuwa sai ranar kasuwa, wannan "ka dawo" ɗin ya tafi tare da ita. Kowa a gari na aiken Korau, amma ba mai cewa ya dawo. Sai ya kai saƙo ya tsaya a ƙofar gidan mutane, har a gaji da ganinsa a ce, "Kai, tafi gida mana!" Ya tafi gida, ya dafa ɗan abin da ya samu, ya ci shi kaɗai yana duban ƙofar ɗakin Hansai. A haka furfura ta fara fito masa. Abin tausayi ne wallahi, ko da yake mu masu dariyarsa ba mu cika tunawa da hakan ba.

Wata rana saƙo ya zo cewa Hansai na kwance, jiki ya yi tsanani, ba a jin za ta kai wata kasuwar bayan mai zuwa, kuma ba sunan da take kira sai na ƙanenta. Mota ɗaya ce ke bin hanyar, tsohuwar akori-kurar Malam Barmo direba, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Hanyar kuwa babu gidan mai ko na rantsuwa, dole a tafi da fetur a jarka. Korau ya je tasha ya tsaya gaban Barmo, bai san yadda ake roƙo ba, ya dai tsaya.

Barmo ya ce, "Na ji labarin yayarka. Zan kai ka, ba sai ka biya ba. Amma aikin jarka naka ne. Ka ɓata min, ka rasa wurin zama."

"To, Maigida."

"Ina da na roba biyu, ina son ƙari. Je ka samo min ta ƙarfe, wadda ko ɗigo ba zai fita daga cikinta ba."

Korau ya shiga wurin 'yan gwangwan ya tono wata tsohuwar jarkar ƙarfe da ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai ruwa. Ya cika ta, ya kifa ta, sai ga ɗigo ɗaya ya ɓullo ta bakin murfi. Ya zubar da ruwan, ya kai ta wurin Ɗan'iro mai walda ya ce a liƙe bakin gaba ɗaya.

Ɗan'iro ya ce, "To ta ina za a zuba man?"

"Ba a ce min a zuba ba. An ce kada ya fita."

Ɗan'iro kuwa, dama mai neman abin dariya ne, ya liƙe ta ruf. Barmo ya juya jarka ta nan, ya juya ta can, ya rasa ƙofa. "Innalillahi! Kai, wannan ai kabewar ƙarfe ka kawo min!" Aka mayar da ita, aka yanke bakin, aka sa mata sabon murfi mai murɗawa, Ɗan'iro ya yanko zoben roba daga tsohuwar taya ya sa a ciki don ya wanke laifinsa. Jarka dai ta yi kyau, amma kunnen Korau ya sha zagi.

Wata rana kuma, Barmo ya miƙa masa gwangwanin jan fenti da buroshi. An taɓa yin wani fasinja da ya tsiyayi fetur zai yi alwala, tun daga nan Barmo ba ya wasa da alama. Ya ce, "Duk abin da fetur ke taɓawa ka shafa masa ja, don kada a haɗa da na ruwa." Ya faɗi haka ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, barcin rana ya ɗauke shi. Korau ya shafe jarkar ƙarfe, ya shafe na roba, ya shafe mazurari da tiyo da murfin tanki. Ya bi gefen motar inda mai ke zuba in an cika, ya ja masa layi har ƙasa. Ya dubi hannuwansa, ya shafe su. Sannan ya tsaya yana tunani, ya taka a hankali zuwa gindin darbejiya. Barmo ya farka da sanyin buroshi a leɓensa.

"Uwar me kake yi min?"

"Na ga kana zuƙo mai da tiyo, Maigida."

Kai, jama'a! Ranar 'yan tasha sun yi dariya har da masu kwanciya a ƙasa. Barmo, gashin bakinsa ja wur kamar wanda ya kwana cin goro, ya rantse ya maya cewa ko a kan taya Korau ba zai hau motarsa ba. Ya wuce gida neman kananzir na goge baki. Bai dawo ba sai bayan la'asar, tasha ta watse, sai ya tarar da Korau a inda ya bar shi, buroshi ya bushe a hannunsa. Ba wanda ya ce ya tafi. Ba ya kuka, arewa kawai yake kallo. Zuciyar Barmo ta karye. Ya ce, "Tafi gida, Korau. Ka zo da sassafe ranar jajibirin kasuwa. Amma wannan ce ta ƙarshe."

Wata rana, ranar tafiyar ke nan, aka yi lodi. Barmo ya cika jarkokin roba har baki, ya sa leda a ƙarƙashin murfi ya murɗe, ya ɗaure su can saman buhuna. Ta ƙarfe kuwa, da ya cika ta, ya ce wa Korau, "Ɗora ta a baya, ka ɗaure ta jikin abin da ba ya motsi." Korau ya ɗora ta, ya dubi mota daga kai har gindi. Mota ai motsi ne aikinta. Sai ya ja igiya ya ɗaure a turken rumfar mai shayi. Barmo ya ba da wuta, mota ta yi gaba, rumfa ta ce ba a bar ni ba. Butoci da kofuna suka tarwatse, mai shayi ya biyo su da ludayi yana tsinuwa. Da ƙyar fasinjoji suka ba Barmo haƙuri, wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Inna Talle, ta ce, "Haba Barmo, ka dubi mara lafiya." Barmo ya dangwara wa Korau jarkar tsakanin ƙafafu. Daidai nan wani fasinja ya zaro sigari, Barmo ya fizge ta ya jefar, ya nuna Korau da yatsa.

"Saurara da kyau. In ka ga wuta, kowace iri ce, ka ɗauki jarkar nan ka yi nisa da ita, sai inda ba ka ganin ko hayaƙinta."

"To, Maigida."

Da rana ta take, suka tsaya a Dogon Marke, ƙauye na ƙarshe kafin daji, don a yi salla a ci abinci. Kowa ya watse. A bakin hanya akwai mai tsire, hayaƙinsa na tashi sama. Korau ya ga wuta. Ya ɗora jarka a ka, ya dubi gabas da yamma, duk ɗaya ne a wurinsa, sai ya bi burtalin shanu da ya yi arewa, don can ne yayarsa take. Ƙasar wurin shimfiɗe take kamar faifai. Ya yi tafiya ya waiwaya, ga hayaƙi. Ya ƙara tafiya ya waiwaya, ga hayaƙi. Jarka na cin wuyansa, ƙaya na cin ƙafarsa, ba mutum ba tsuntsu. Sai da ya haye wani dogon tudu ya gangara, sannan hayaƙin ya ɓace. Ya sauke jarka a gindin wata aduwa, ya zauna kusa da ita yana jira a kira shi.

A Dogon Marke kuwa, mai gari ya aiko a kira Barmo. Injin ban-ruwansa ya tsaya, yana son a taimaka masa da fetur. Barmo ba ya iya cewa dattijo a'a. Ya ce, "Ranka ya daɗe, an gama. Akwai ta ƙarfe a kusa, ni na robar sun ishe ni." Ya zo mota, ba jarka ba Korau. Aka duba masallaci, aka duba bayan gari, shiru. Barmo ya koma ya ba mai gari haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dawo yana huci ya ce, "Ku hau! Wanda ya ga dama ya kwana nan." Inna Talle ta yi magiya har ta gaji. Aka tafi ba Korau.

Shi Korau yana gindin aduwa. Inuwa ta matsa, ya matsa da jarka, ya bar kansa a rana. Ƙishirwa ta kama shi. Ya san mota ba ta jira, ya san Hansai ba za ta jira ba, ya sa jan hannunsa ya share ido. Amma an ce ya yi nisa, ba a ce ya dawo ba. Can ya ji kukan mota ta bayan tudu, inda hanyar mota ke zagayowa ta haɗu da burtali. Ya miƙe tsaye. Motar ta yi tari, ta ƙara tari, ta yi shiru. Ya saurara ko zai ji sunansa. Bai ji ba, ya koma ya zauna.

Tanki ne ya ƙafe. Barmo ya hau saman buhuna ya ɗago jarkar roba, sai ya ji ta sakayau. Ya ɗago ta biyu, ita ma haka. Cikawa har baki da dukan rana sun kumbura su, suka tsage ta gindi, fetur ya bi buhuna ya tsiyaye tun a hanya. Fasinjoji sun ji wari, amma motar Barmo yaushe ta rabu da warin mai? Gaba daji, baya daji, ga rana ta karkata. Barmo ya zauna a kan taya ya dafe kai. Da ta ƙarfen na nan ma, ai da tuni tana cikin injin mai gari.

Inna Talle ce ta lallaɓa ta hau tudu ko za ta hango ruga. Ta sa hannu ta kare ido, sai ta hangi wani abu ja wur a gindin aduwa, da mutum zaune kusa da shi. Ta rangaɗa guɗa. Barmo ya hayo da gudu, ya tsaya, ya buɗe baki zai yi zagi, zagin ya ƙi fita. Ya ɗaga murya ya ce, "Korau! Dawo!"

Rabon Korau da jin wannan kalma tun ranar da aka kai Hansai. Ya ɗauki jarka ya taho yana gudu yana tuntuɓe, yana dariya kamar wanda aka yi wa albishir. Aka murɗe murfi, fetur na nan cif, ko ɗigo bai fita ba. Barmo ya ba shi ruwa da hannunsa, ya ce, "Shigo gaba, kusa da ni."

Sun shiga Tungar Kalgo rana na shirin faɗuwa. Barmo da kansa ya raka shi ƙofar gidan, Korau rungume da jarkar da ba komai a cikinta. Suna shiga zaure ya hango murhu a tsakar gida ana dama kunu. Ya juya zai fita.

Barmo ya riƙe rigarsa. "Kai, ba mai a ciki! Wancan zance ya wuce!"

Korau na ta ja. Sai wata siririyar murya ta fito daga ɗaki: "Wa nake ji? Ku kashe wutar nan, ku bar min shi." Aka watsa wa murhu ruwa. Muryar ta ce, "Korau, ajiye abin hannunka. In ka ajiye, ka shigo."

Ya ajiye, ya shiga. Hansai ta rame har sai da ya dube ta sau biyu. Ta kama jan hannunsa ta juya shi, ba ta tambayi dalili ba, ta san akwai wanda ya ce.

"Yaya, na zo."

"Na gani, auta. Zauna nan kusa da ni."

Korau ya zauna yana jiran sauran maganar, don Hansai ba ta taɓa sa shi abu ba tare da ta gaya masa ƙarshensa ba. Ta dube shi, ta rufe ido, ba ta ƙara komai ba.

Kashegari da kasuwa ta tashi, Barmo ya zo ƙofar gida ya yi ta danna oda. Korau bai fito ba. Barmo ya leƙa ya gan shi yana ba yayarsa kunu da ludayi, ya ɗauki jar jarkarsa ya fita a hankali, bai ce dawo ba. Ni dai nan na ajiye tawa jarkar. Gidan ƙarshen gari na Kwanar Maje har yau a rufe yake, mai shi yana Tungar Kalgo, ba a ce ya tashi ba.