Otal Mafi Kusa, In Ji Safiyo Ermete

"Shekara arba'in ina awon ƙasar nan, ban taɓa kuskuren taku ɗaya ba. Ni za a koya wa zaɓen otal?"

Ermete Baraldi ke nan, tsohon safiyo, a teburin abincin ranar Lahadi, yana nuna surukarsa Clelia da cokali. In ka san shi, ka san ba a gama cin taliya a gidansa sai an sha tarihin aikinsa. Gajere ne mai tumbi da gashin baki kamar burushin takalmi, kuma ko mai burodi ya kira sunansa bai sa "Safiyo" a gaba ba, to ya rasa ciniki.

Abin da ya kawo maganar, jikarsa Nives za ta cika shekara bakwai. Shago ya riƙe iyayenta, don haka kakanni ne za su kai ta Birnin Dodanni, wurin wasan nan mai lilo da jiragen ruwa. A can kowace safiya, yaron da ya fara isa ƙofa shi ake miƙa wa ƙaton mabuɗi ya buɗe wa jama'a, a kuma ɗora masa kambi. Wata uku yarinyar nan ba ta da zance sai na mabuɗin.

Sinyora Clelia, kakar Nives ta wajen uwa, ta ce a sauka a otal ɗin wurin, wanda ke bakin ƙofa. Ermete ya ture kwanuka, ya shimfiɗa taswira, ya zaro rula daga aljihu.

"Naki otal ɗin, daga shi zuwa hasumiyar da ke tsakiyar wurin wasan mita ɗari takwas. Wanda na samo a ƙauye, ɗari uku. Lissafi ba ya son kai."

"Safiyo," in ji Clelia, "hasumiya yarinyar za ta buɗe, ko ƙofa?"

"Sinyora, na taɓa gyara miki miya? To bar mini taswira."

Matarsa Iolanda ta ci gaba da yanka cuku, don ta daɗe da sanin gardama da mijinta ɓata yawu ne. Aka ce Nives ta zaɓa. Ta dubi wannan, ta dubi wancan.

"Kaka, ka tabbata ni zan riga kowa?"

"Na yi miki alkawari. Kina buɗe ƙofa kakarki Clelia na can tana neman haƙoranta a kofi."

Yarinya ta bi kakanta. Clelia kuwa ta kama ɗakinta a otal ɗin bakin ƙofa.

A jirgin ƙasa suka je, suka isa masaukin da la'asar. Gaskiya ga hasumiya nan ta taga, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Ermete ya tsaya yana shafa tumbi, ya tambayi mai masaukin ta ina ake shiga.

"Ƙofa? Ai nan bayan wurin ne, maigida. Ƙofa tana can gaba, kilomita tara in an bi titi. Bas na farko ƙarfe goma."

"Ƙarfe tara ake buɗewa," in ji Iolanda.

"Titi na waɗanda ba su iya karanta taswira ba ne," in ji gogan naka. "Mu ratsa gonar masara, mu bi jikin katanga, minti ashirin muna can."

Ƙarfe bakwai na safe suka fita. Nives na cikin sabuwar farar riga, Iolanda na riƙe da jakar da ke da tikiti da waya da walat ɗin maigida, shi kuma yana gaba da taswira yana ƙirga taku da ƙarfi. Masarar ta fi shi tsawo, saboda haka hasumiyar da yake bi ta ɓace masa tun taku na hamsin. Sau biyu suna wuce tarakta guda, ya ce ai manoman nan duk iri ɗaya suke saye. Can sai ga su a bakin magudanar ban-ruwa, faɗinta ya kai taku shida, ruwan kore shar.

"Wannan ba ta cikin taswira," in ji shi.

"To gaya mata ta matsa," in ji Iolanda. Ta ciro waya ta kira Clelia. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce kawai, "Abin da kika zata ne." Clelia ta ce su koma bakin titi, motar otal na tafe.

Nives ta tsaya tana kallon kakanta, ido ya kawo ruwa.

"Kaka, ka fa yi alkawari."

Maganar nan ta soki Ermete, don duk cika bakinsa yana son yarinyar nan fiye da ransa. Da ya ce ya yi kuskure ya bi su, da magana ta ƙare. Amma bakinsa bai saba da kalmar ba.

"Je ki da kakarki, 'yar gidana. Kina sauka daga mota za ki same ni a ƙofa, na kama miki wuri."

Da suka tafi, ya tuɓe takalma ya rataya a wuya, ya naɗe wando. Ya runtse ido ɗaya, ya auna ruwan da babban yatsa, ya yanke hukuncin iya gwiwa ne. Taku na biyu ruwa ya kai masa ƙirji. Taswira ta yi gabas, takalma suka bi ta. Ya fito a ɗaya gefen da rarrafe, gansakuka a gashin baki, bai gama tofarwa ba karen gonar ya ce ga ni nan. Rabon Ermete da gudu tun yana soja, amma ran nan tumbi bai hana komai ba. Ya ga rami a ƙarƙashin wayar shinge ya kutsa. Shi dai ya wuce, bayan wandon ya tsaya a waya.

Ya gangara cikin wani tafki, ya miƙe ya ga kada guda shida sun kewaye shi, baki buɗe. Ya kira sunan duk waliyyin da ya sani kafin ya lura na roba ne. Ashe cikin wurin wasan ya faɗo, ta baya. Daidai lokacin ya ji busa da tafi daga nesa. An buɗe ƙofa.

Masu gadi biyu suka tsamo shi da sandar kwashe ganye.

"Baba, ina tikitinka?"

"Yana wurin matata. Ni safiyo ne, yaro, ka iya bakinka."

"To Baba Safiyo, ina matar?"

Bai sani ba. Ba waya, ba takarda, ba takalmi, wando kuma sai dai a ce Allah ya jiƙansa. Wuri ɗaya ne ke da tawul da kayan canji a kusa, wato ɗakin yaran da suka ɓata. Can aka kai shi. Ma'aikaciyar ɗakin ta duba kaf, abin da ya shige shi kawai koriyar rigar wanka ce mai hular dodo da jela. Ta zaunar da shi a 'yar kujerar da gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓa, ta ba shi biskit, ta ɗauki lasifika.

"Ana cigiya. Muna tare da Ermete, ɗan shekara sittin da takwas. Ya ce shi safiyo ne. Iyalinsa su zo su ɗauke shi."

Mutum dubu goma suka ji, wasu har da tafi.

Bayan minti goma sai ga su. Nives ce a gaba, kambi a ka, fuska sai walƙiya take, don motar ta sauke ta a ƙofa kafin kowane yaro ya iso. Iolanda ta dubi mijinta, ta juya ta fuskanci bango, kafaɗunta na rawa don dariya. Ma'aikaciyar ta miƙo takarda ta ce sai babban mutum mai hankali ya sa hannu kafin a sake shi. Clelia ta gyara tabarau, ta sa hannu a tsanake.

Ermete ya gyara murya. "In aka duba da kyau, ni na riga kowa shiga wurin nan."

Nives ta matso, ta gyara masa hular dodo, ta kama hannunsa.

"Ba komai, Kaka. Baɗi ni zan zaɓi otal. Yanzu riƙe ni da kyau, kar ka sake ɓata."