Bajamushiya Ta Rasu Cikin Leda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da warin ruɓaɓɓen kabeji, iyalan Zdravko Kalchev na layin bayan coci suna sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk mai tsayawa karanta takardun mutuwa a jikin turken lantarki, cewa Bajamushiya ta bar duniya. Ga wanda bai san ta da wannan suna ba, ita ce farar motar nan mai gado da murhu da ɗan banɗaki a cikinta, wadda ta daɗe tsaye a tsakar gidansu. An tabbatar da rasuwar ranar Asabar da hantsi, lokacin da aka yaye ledar da aka naɗe ta da ita. Yaushe rai ya fita, babu wanda ya sani. Mai yiwuwa ta daɗe da cikawa, iyalin suna ta wucewa ta gefenta suna shafa mata baya.

An haife ta a Jamus. Ta yi ƙuruciyarta a hannun wani tsoho da matarsa, waɗanda suka zagaya da ita gaɓar tekuna, suna liƙa mata hoton kowane gari a ƙofar baya har wuri ya ƙare. Zdravko ya sayo ta shekarar da ya bar aikin fige kaji a can. Ya shigo ƙauye yana danna hon tun daga gada, ya tsaya a ƙofar gida, ya leƙo ta taga ya ce wa matarsa Nedyalka a gaban kowa, "Uwar Ginka, haɗa kayanki. Teku za mu."

Nedyalka ba ta taɓa ganin teku ba. A wannan ƙauyen aka haife ta, a nan ta yi aure, kuma Burgas, birnin da ke bakin teku, tafiyar safiya ce kawai a mota. Ranar kasuwa ta gaba ta sayi shuɗiyar rigar ninkaya, ta tura ta ƙarƙashin albasa a kwando don kada matan layi su gani su samu abin faɗa.

Sai dai lokacin zuwa teku shi ne lokacin tumatir. Rumfunan leda na Zdravko, inda yake noman kayan lambu, ba sa jiran kowa: da safe a buɗe musu ƙofa su sha iska, da yamma a rufe, a ba su ruwa, a tsinka. "Bari a gama tumatir," in ji shi. Da aka gama tumatir sai tattasai ya nuna. Bayan tattasai kabeji. Bayan kabeji kuwa, wa zai shiga ruwa da wannan sanyi? Haka shekara ta juyo, ta sake juyowa.

Marigayiyar ta kasance mai haƙuri, ba ta da girman kai ko kaɗan. Gadon da Jamusawa suka kwanta suna sauraren igiyar ruwa, a kansa aka jera akwatunan tumatir zuwa kasuwa, ba ta ce uffan ba. Ta kai akuya wurin likitan dabbobi, akuyar ta cinye labule ɗaya, ta yafe. Idan an yi baƙi a gidan, ita ke ɓoye 'yarsu Ginka har su tafi, kuma ba ta taɓa tona ta ba. Za a daɗe ana tuna muryarta. Da safe takan ce "gur, gur, gur," ta yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "tuf." Ƙofarta ta gefe takan yi "ƙiiiy" mai tsawo, irin kukan da mata ke yi a makabarta idan dangin miji suna kallo.

Tun zuwanta gidan, sau ɗaya tak ta kama hanyar teku. Nedyalka ta soya ƙwallon nama, ta yanka cuku, ta zauna a gaba da jaka a cinya. Sun kai gidan man da ke mahaɗar babban titi, har an hango allon da aka rubuta Burgas, sai Zdravko ya dafe kai.

"Na buɗe rumfa ta uku kuwa?"

"Ka buɗe."

"Kin gan ni da idonki?"

Ba ta gan shi da idonta ba. Aka juya. Rumfa ta uku a buɗe take. Aka ci ƙwallon naman a tsakar gida.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga gardama kan inda za ta yi hunturu. Rumfar kwano ɗaya ce a gidan, kuma tarakta da gangunan barasar Zdravko sun riga ta shiga. Kawu Stoyko, wan Nedyalka, ya ce a bar ta a fili.

"Haba suruki, mota ce ba amarya ba. A Jamus a bakin titi suke kwana, dusar ƙanƙara har wuya, da bazara a murɗa makulli su tashi."

"Kai da ko zuwa birnin Plovdiv sai an riƙe maka hannu," in ji Kaka Velichka, mahaifiyar Zdravko, "yaushe ka ga Jamus?"

Duk da haka shawararsa aka bi a farko. Marigayiyar ta sha ruwa, ta sha rana, tsuntsaye suka mai da rufinta abin da suka mai da shi. Fentinta ya koɗe. Sannan aka yi ruwan ƙanƙarar nan da ya kashe inabin rabin ƙauye, ya fasa 'yar tagar da ke rufinta, ruwa ya ɗiga a kan matashi. Ɗigo ne kawai, da ɗan gam ya isa. Amma Kaka ta ɗauki matashin ta zagaya layi da shi kamar shaida a kotu, daga ranar kuma jinya ta koma hannunta.

Kowa ya san abin da Kaka ta fi tsoro a duniya: iskar da ke shiga ta ƙofa ta fita ta taga. Ita ke kawo ciwon wuya, da ciwon haƙori, da shanyewar fuska. Ita ce, a cewarta, ta kashe mijinta, duk da cewa mutanen ƙauye sun ga lokacin da ya faɗo daga kan bishiyar ɓaure. Da ta duba jikin marigayiyar ta ga ƙananan ramuka a ƙasa da sama, waɗanda Jamusawa suka bari don iska ta riƙa ratsawa, sai ta girgiza kai.

"Dubi mugunta. Sun sayar wa ɗana mota mai huji."

Ta toshe kowane rami da tsofaffin safa. Zdravko ya kawo sabuwar ledar rumfa, mai kauri, wadda bai taɓa yi wa tumatir ma irinta ba. Aka naɗe Bajamushiya tun daga rufi har taya, aka binne bakin ledar da ƙasa yadda ake yi wa rumfa. Kafin a rufe, Kaka ta sa an shigar da gangar kabejinta mai tsami, tunda ga wuri mai tsabta babu kowa. Ta bar 'yar kafa a bakin ƙofa, tana maƙale ta da maƙalan shanya. Da kabejin ya kusa ƙarewa ƙafarta ta fara ciwo, ta daina zuwa. Gangar ta zauna da sauran ruwanta.

Naɗin ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna zuwa kallo. Saboda kyansa Zdravko ya ƙi a kwance da bazara. Ai ba yanzu za a tafi ba, bari a gama tumatir. Rana ta riƙa dukan leda, ledar tana zufa daga ciki. Nedyalka takan tsaya da bokiti a hannu ta ga ɗigon ruwa yana gangarowa ta ciki, ta ce wa mijinta, "Malam, motar nan gumi take yi." Shi kuma ya ce, "Alamar ɗumi ce. Lafiyarta ƙalau." Mutumin da ya juyo daga hanyar teku don tumatir ya sha iska, bai taɓa tambayar kansa ko ita ma tana numfashi ba.

Bana Nedyalka ta ce ko tumatir zai ruɓe a reshe sai an tafi. Ranar Asabar aka tone bakin leda. Abin da aka tarar ba na faɗa a takardar mutuwa ba ne, amma tunda warin ya riga ya kai coci, babu amfanin ɓoyewa. Bango ya yi baƙi da kore. Katifa ta tsiro gashi. Naman kaza ya fito a ƙarƙashin tebur, manya-manya, Kawu Stoyko ya ce a duk dajin nan bai ga masu ƙiba irinsu ba. Zdravko ya taka ciki, ƙafarsa ta burma katakon ƙasa har gwiwa. Ya daure ya kai kujera, ya murɗa makulli. Ba "gur," ba "tuf." Bakaniken ƙauye ya leƙa da hankici a hanci, ya cire hularsa.

"Da an bar ta a fili," in ji Kawu Stoyko.

"Filin ne ya fara kama ta," in ji Kaka. "Ni jinya na yi."

Nedyalka ta bar su suna gardama. Ta ɗaure ɗankwali a hanci, ta shiga tana bin gefe-gefe, ta buɗe ƙaramin kabad ɗin da ke saman gado. Ta fito rungume da babbar kwalba, irin wadda ake adana tattasai a ciki, murfinta a ɗaure tam. A cikin kwalbar, shuɗiyar rigar ninkaya ce a naɗe, ko ɗigon fumfuna babu. Duk abin da matar nan take so ya kai wata shekara, a kwalba take sa shi.

Marigayiyar ta rasu ta bar Zdravko, wanda ya so ta har ya hana ta numfashi; da Kaka Velichka, wadda har yanzu take neman a dawo mata da safarta; da Kawu Stoyko, wanda ya yi gaskiya sau ɗaya a rayuwarsa kuma ba zai bari a manta ba; da Ginka, wadda yanzu sai dai ta gaishe da baƙi. Ta bar tarakta, wadda ta ƙi matsa mata wuri a rumfa, da iyalin ɓeraye da suka tashi marayu. Ta kuma bar Nedyalka, wadda aka yi wa alkawari.

Jana'iza ranar Talata da safe. Fada, limamin coci, ya ce shi ba ya yi wa ƙarfe addu'a, amma zai zo cin dafaffiyar alkama da sukari, wadda za a raba a ƙofar gida kamar yadda aka saba. Ana roƙon masu zuwa su tsaya ta inda iska ke fitowa. Kada a kawo furanni, marigayiyar ta tsiro da nata.

Daga nan babbar motar masu sayen tsohon ƙarfe za ta ɗauki gawar zuwa makwancinta. Na kusa sun leƙa sun ce ba sa so. Waɗanda suka yarda su karɓe ta, filinsu yana Burgas, bayan tashar jiragen ruwa, kuma direban ya ce akwai kujera ɗaya a gaba ga wanda zai raka gawa. Zdravko ya ce da ya je, amma ga tumatir. Nedyalka ta ce ba komai, ba a barin mamaci ya tafi shi kaɗai, ita za ta wakilci iyali. Za ta tafi cikin baƙaƙen kaya, da kwalbarta a cinya.

Masu ta'aziyya za su samu Zdravko a rumfa ta uku, kowa ya zo da bokitinsa. Wanda yake son yi wa Nedyalka gaisuwa kuma sai ya yi haƙuri. Ba ta faɗi ranar dawowa ba.