Ministan Wake

Ni mai yawan fargaba ne, komai sai na sake dubawa, shi ya sa a gidanmu ake yarda da maganata. Da kakar wata shekara na tsallaka Nijar ta'aziyya, na leƙa ɗakunan ajiyar 'yan kasuwarsu, babu ko buhun wake ɗaya. Na dawo Babura na tarar da namu cike har rufi. Nan take na gama lissafin ƙasashe biyu, ni da na tsaya a firamare.

Yayana Sale yana shirin sayar da wakensa ya gyara rufin ɗakin Inna mai yoyo, na tare shi a zaure.

"Yaya, kada ka sayar. Nasu ya ƙare, namu ya ƙaru. Da sefa za su zo suna roƙonmu."

"Ka tabbata?"

"Da idona na gani."

Ashe waken da na rasa a can shi ne jibge a nan, tun kafin in je suka lodo mana shi a motoci. Farashi ya faɗi, ƙwari suka cinye buhunan Yaya, damina ta sauka Inna tana tara kwanoni a tsakar ɗaki.

Yaya bai zage ni ba, da ma ya zaga na huta. Har yau in hadari ya haɗo sai Inna ta ɗaga murya: "Ku kira min Ministan Wake, ya tsallaka ya dubo mana ko ɗakunan Nijar ma suna yoyo."