Jirgin Yaya Jatau a Hannun Sallau

A Tungar Maje akwai wani gida mai mutum uku: Jatau, tsohon sojan ruwa da ya dawo gida da fansho da rawar hannu, da ƙanensa Sallau, da matar Sallau, Tabawa. Sallau ya haura arba'in, ba ya ƙarya, ba ya gardama, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka manta, to can za ka same shi da azahar.

Idon Jatau na mutuwa. Likitan birni ya gaya masa gaskiya, da wuya ganinsa ya kai kaka. Ana cikin haka wani tsohon abokin aikinsa ya aiko masa da kwali daga Legas. Ƙaramin jirgin yaƙi ne na roba wanda mutum ke haɗawa da kansa, irin wanda suka yi shekara goma sha ɗaya a cikinsa, wanda tuni aka yanka aka sayar wa 'yan gwangwan. Jatau ba ya son komai yanzu sai ya ga jirgin nan a haɗe kafin duhu ya rufe shi. Hannunsa ba ya riƙe cokali balle 'yar igwa mai girman ƙwayar shinkafa. Ya dubi Sallau ya yi ajiyar zuciya, da babu gara ba daɗi.

Wata rana Jatau ya ce, "Ka ciro kayan daga jikin sandunan robar nan da suka zo manne da su, a hankali. Sandunan ba su da amfani." Sallau ya zauna da reza, ya ciro guda ɗari uku da wani abu, ko ɗaya bai karya ba, ya zuba a kwanon sha. Sandunan kuwa ya miƙa wa Tabawa ta hura wuta da su. Sai da Jatau ya buɗe takardar bayani ya tuna lambar kowane yanki a jikin sandan take. "Ina lambobin?" Sallau ya nuna tukunyar tuwo. Sati uku suka yi suna gwada wannan da wancan, alhali kwanakin idon Jatau ƙidayayyu ne.

Wata rana suka zo haɗa ɓari biyu na gangar jikin jirgin. Jatau ya ce, "Ka shafa gam, ka matse, kada ka saki sai na ce." Sai aka yi sallama da Jatau, an yi rasuwa a ƙauyen gaba. Ya tafi jana'iza, bai dawo ba sai bayan la'asar. Ya tarar da Sallau inda ya bar shi, Tabawa na ba shi fura da ludayi tana ƙunƙuni. "Saki mana!" Sallau ya ce, "Yaya, yanzu shi ya riƙe ni." Da ruwan zafi aka raba su. Fatar yatsa biyu ta zauna a jikin jirgin, Jatau kuwa ko dariyar da Tabawa ta yi ba ta taɓa shi ba, don a hanyar dawowa bai gane fuskar liman ba sai da ya yi magana.

Wata rana aka zo fenti. Jatau ya jingina murfin kwalin a bango ya ce, "Yadda yake a hoton nan, haka nake so. Kada ka rage komai." Sallau ya yi aiki mai kyau, har tsatsar da ke bakin anga, ƙarfen tsayar da jirgi, ya zana da tsinken tsintsiya. Amma a hoton hayaƙi na tashi daga bututun jirgin. Ya ɗauko garwashi da cokali ya jefa a ciki. Hayaƙi ya tashi kuwa, bututun ya lanƙwashe kamar wuyan kazar da aka yanka. Jatau bai yi faɗa ba. Ya shiga ɗaki ya yi kuka irin na manya, mara sauti, yana cewa a ransa Allah bai nufa ba.

Duk da haka Sallau ya ci gaba da aikin. Ranar da ya liƙa tuta ta ƙarshe, Jatau ya tashi da safe ya buɗe ido bai ga ko hasken ƙofa ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya lallaɓa ya zauna a tabarmarsa, ya ga ba amfanin ɓata musu rana. Tabawa, da ba ta sani ba, ta ce wa mijinta, "Malam, ka ajiye shi inda Yaya zai gan shi."

Sallau ya ɗora shi a kan taga. "Ka gan shi, Yaya?"

"A'a."

Ya mayar da shi kan turmi, ya sake tambaya. Ya kai shi bakin randa, ya kai kan katanga inda rana ta fi haske, ya dawo da shi gaban tabarma. Kowane wuri tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Tabawa ta gane, ta toshe baki da mayafi, ta kasa cewa ya bari. Jatau ya ji kamar ya roƙe shi ya ƙyale shi haka.

Wuri ya ƙare wa Sallau a gidan. Ya tsaya yana waige-waige, sai ya durƙusa ya ɗora jirgin a cinyar wansa.

Hannun Jatau ya sauka a kai. Yatsunsa suka bi gefen jirgin daga baya, suka hau matakala, suka tsaya a wata 'yar ƙofa. "Ta nan muke sauka cin abinci," ya ce a hankali. Suka ci gaba har goshin jirgin, suka daɗe a wurin.

"Sallau, igwar gaba ka juya bakinta tana kallon ɗakin kyaftin."

"Ka gan shi ke nan, Yaya?"

Jatau ya goge fuska da hannun riga. "Na gan shi. Kawo rezar mu gyara."