Rasuwar Gwaggo, Na'urar Gwada Jin Karnuka

Da zuciya mai nauyin baƙin ciki, ni likitan dabbobi na ƙarshen layi nake sanar da abokan arziki rasuwar na'urarmu ta gwada jin karnuka, wadda muke kira Gwaggo. Ta cika ranar Talata da hantsi tana bakin aiki, bayan shekara goma sha ɗaya a kan teburin ɗakin gwaji.

Marigayiya ba mai yawan magana ba ce. Mukan maƙala wa kare wayoyi uku a ka, mu sa masa abin sauraro a kunne, ita kuma ta ce "ƙit-ƙit-ƙit", sai ta zana layi a fuskarta. In layin ya yi tudu da kwari, kare na ji. In ya miƙe samɓal, sai haƙuri.

Ta ceci rai. An taɓa kawo karen wata tsohuwa, maƙwabta sun ce ya haukace, a kashe shi, don yana kai cizo in an taɓa shi ta baya. Gwaggo ta nuna kurma ne, firgita kawai yake yi. Tsohuwa ta koma gida da abinta tana hawaye.

Amma ba ta yi wa kowa kara. Wani maigida ya rantse karensa ya kurmance, tunda ba ya amsa kiransa. Gwaggo ta ce kunnuwa biyu garau. Matarsa ta gyara zama ta ce, "Likita, na gaya masa raini ne. Yaran ma haka suke masa." Har yau bai sake gaishe ni ba.

Ciwo ya fara mata bara. Sai an ɗan mare ta a gefe take farkawa. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya daɗe yana leƙe, ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗanda suka ƙera ta ma sun manta da ita." Ranar Talata ta zana miƙaƙƙen layi ga karen da ke jin motsin kwanon abincinsa daga ƙofar gida. Muka sake gwadawa har sau uku. Daga nan muka gane miƙaƙƙen layin nata ne, ba na karen ba.

Ta bar wayoyi uku, abin sauraro mai sawun haƙori, da littafin bayaninta da ba wanda ya taɓa buɗewa. Ta bar ni, da farin rigata da takardun shaidata, ina buga murfin tukunya a bayan karnuka in ga ko za su waiwayo.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis bayan an tashi daga aiki, a saman kabad ɗin ɗakin ajiya, kusa da fankar da ta riga ta. Za a karɓi gaisuwa a ɗakin jira. Masu zuwa su ɗaga murya, domin wajen gwada murfin nan tun ranar Talata, karnukan duk sun waiwayo, ni ne kunnena na hagu ya toshe.