Hayaƙi a Nan, Bishiya a Can

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Muhalli,
Kamfanin Narka Roba da ke Bayan Katangarmu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, da fatan na'urar sanyin ofishinka tana aiki lafiya, na rubuto ne in yi godiya. Na ga allon da kuka kafa a bakin ƙofa, mai cewa kun dasa bishiyoyi a wani daji mai nisa, saboda haka hayaƙin da kuke tula mana ya goge. Kun ce sunan wannan dabara "ofset". Duk karatun da na yi a jami'a, ban taɓa sanin ana wanke ƙazanta daga nesa ba. Sai dai ina da 'yan tambayoyi.

1. Autata tana da asma. A zaune take kwana. Na karanta mata allon a tsanake, amma ƙirjinta bai daina kuka ba. Ko za ku turo ma'aikaci ya yi wa huhunta bayani?

2. Bishiyoyin nan sun san da zamanmu? Iskar da suka tace, a mota za a kawo mana, ko mu za mu je mu shaƙo?

3. Farin zanen gadon da na shanya jiya, baƙi na kwaso shi. Ina fata akwai wata baiwar Allah kusa da dajin, wadda nata zanen ya ƙara haske.

4. Maigidana ya karanta allon, ya ƙaru. Yanzu in ya ɓata min rai, sai ya je ya kyautata wa yayarsa, ya dawo yana jiran in gode.

Tunda ilimin ya shige ni, zan yi aiki da shi. Daga gobe sharar gidanmu, har da kunzugun jaririn maƙwabciya, a ƙofar ofishinka za a riƙa juye ta. Kada ranka ya ɓaci. Na sa ƙanwata ta share tsakar gidan kakarmu a ƙauye, ta share shi tas. In wari ya dame ka, ka rufe ido ka tuna da wancan tsakar gida.

Ranar da kuka sa wa bututunku matatar hayaƙi, Auta ta samu ta kwana a kwance, da kaina zan zo da tsintsiya.

Allah ya ƙara girma, ya raya bishiyoyi.

Taka mai biyayya matuƙa,
Maman Auta,
Gidan da ke ƙarƙashin bututu.