Damisa Ya Koma Gudun Tsauni

Duk wanda bai san Mataimakin Shugaban Sashen Ajiye Takardu ba, to bai san jarumta ba. Mutum ne da aka halitta domin gudun tsauni. Ƙafafunsa ne kawai har yau labarin bai kai musu ba.

Shi ya raɗa wa kansa suna Damisa. Abokan aikinsa kuwa, saboda tsabar ƙauna, Sarkin Bandeji suke ce masa da zarar ya ba da baya. Cikin shekara shida ya yi targaɗe sau huɗu a ƙafar dama, sau uku a ta hagu, gwiwa ta goce, kafaɗa ta bi sahu. Kuma ko sau ɗaya ba laifinsa ba ne. Wani lokacin dutse ne ya tsaya inda bai kamata ba. Wani lokacin akuya ce ta yi masa wani irin kallo.

Wata tara ya yi yana jinyar na ƙarshe. Da ya warke sai ya rataye sandar dogarawarsa a bangon ofis kamar takobin yaƙi. Wanda duk ya shigo neman fayil sai ya sha tarihinta kafin a buɗe masa durowa.

Ranar wata Litinin ya tara ma'aikata lokacin shan shayi, ya gyara murya.

"Jama'a, tsauni ya yi kewata. Tun da na kwanta harkar gudu ta lalace. Na yanke shawarar komawa, ba don kaina ba, sai don na baya su ga yadda ake yi."

Aka tafa masa sosai, musamman waɗanda suka hango wani wata taran na sakewa a ofis.

A gida ba a tafa ba. Matarsa ta tuna masa cewa a hawa na uku suke zaune, kuma bayanta bai gama warkewa daga ɗaukarsa na bara ba. Ta rantse idan ya sake karyewa, a ƙarƙashin matakala za ta shimfiɗa masa katifa. Likitan ƙashinsa ma ya gargaɗe shi cewa gwiwar nan saura ƙiris, ya riƙa tafiya a hankali a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Damisa ya saurare su cikin haƙuri irin na manya, ya gane cewa hassada ta shigo har cikin gida da asibiti.

Ya fara atisaye. Ya hau matakalar ofis da gudu sau ɗaya, ya yi mako biyu yana bayanin yadda ya hau.

Ranar gasa ya isa gindin tsaunin da safe, ya ɗaure gwiwa, ya ɗaure idon sawu, ya ɗaure ƙugu, har sai da ya koma kamar kayan da za a aika wani gari. Ya kutsa sahun gaba. Aka busa usur.

Kafin kwanar farko kowa ya wuce shi. Ya shaida wa wata bishiya cewa dabara ce. Hanyar duk tsakuwa ce da ƙaya da ramukan da ruwa ya ci, ya bi ta yana lallaɓa kowane taki kamar mai ɗauke da tiren ƙwai, katifar ƙarƙashin matakala tana yi masa gizo. Wata tsohuwa mai kiwon tumaki ta wuce shi, ta yi masa sannu, ta dawo ta sake yi masa sannu. Inda tsaunin ya yi tsayi sosai ya kama ciyawa ya rarrafa, wanda a wajen masana wannan ma salo ne.

Abin mamaki, ya kai ƙololuwa lafiya lau, karo na farko a tarihi. Gaskiya ne an fara naɗe rumfuna, amma ya kai.

A rumfar masu agajin gaggawa akwai ɗaliban likitanci biyar. Ɗaya ta duba takardar sunaye, ta dube shi, ta ƙwala wa sauran kira. Nan take suka kewaye shi, fuska cike da murna. Suka ce shekara biyu ke nan suna jin labarinsa a aji wajen malaminsu, wato likitansa, ba su taɓa zaton za su gan shi ido da ido ba. Ko zai yarda su ɗauki hoto?

Damisa ya share gumi, ya turo ƙirji, ya karkata kai ɓangaren da ya fi yi masa kyau.

"Ku ɗauka, 'ya'yana. Na san wata rana za a koyar da ni a makarantu. Ku gaya wa na bayanku kun ga Damisa a kan tsauninsa."

Sai duka biyar suka durƙusa a gabansa, kowa da wayarsa a hannu. Har ƙwalla ta taru masa don ganin irin wannan ladabi.

"Baba," in ji ɗalibar, "fuskar ba ta cikin jarrabawa. Ɗan cire mana safa."